Mai Tsintar Kwaruru

Mijina, Malam Khalil, malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Jega, kuma Allah ya hore masa surutu. Ko tuwo yake ci sai ya jawo maka labarin mutanen da ƙasa ta daɗe da cinyewa. Ni kuwa ɗiyar manoman albasa ce daga Aliero. A gidanmu dare na barci ne, shi ke nan.

Wata rana da bazara, bayan isha'i, muna shan iska a tsakar gida, ya ce, "Luba, kin san Girkawan dā sun ce dare mace ce? Wai tagwaye ta haifa, barci da mutuwa."

Na ce, "Malam, duk hirar duniya ka rasa sai wagga?"

Ina! Ai ya riga ya ɗauko. Ya ce su kuma Rumawa sun ɗauka dare na matattu ne. A irin wannan wata na zafi, maigida zai tashi tsakar dare ba takalmi, ya wanke hannu, ya riƙa jefa baƙin wake ta bayansa yana cewa, da wannan na fanshi iyalina. Matattun da suka shigo ɗaukar wani sai su bi shi suna tsinta, su tafi su bar gidan. Sharaɗin kawai kada ya waiwaya.

Na ce a'uzu billahi. Ya yi dariya, ya ce ai jahilci ne na mutanen da shiriya ba ta iske ba. Umaima, ɗiyarmu ɗaya tilo, tana kwance a cinyata ashe kunnenta na wurin.

"Baba, to wa ke tsintar waken?"

"Waɗanda suka riga mu, uwata. Yi barci."

Ba a daɗe ba sanƙarau ya shigo unguwa, ya kama Umaima. Asibiti mun kwana, allura an yi, malamai sun yi sauka, rubutu ta sha. Daga ƙarshe likita ya ce sun yi iyakar yinsu, muka dawo da ita gida, wuyanta a sandare. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Shi kuwa Malam, mai surutun nan, sai ya yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Rannan ya ce za shi garin Liba gaida gwaggonsa. Ya dawo da la'asar, na ga ƙulli a aljihunsa. Na ciro na kwance, sai ga kwaruru baƙi ƙirin, an zaɓe shi ɗaya-ɗaya. Irin waken Rumawa babu shi a ƙasarmu, shi ne ya nemo abin da ya fi kama.

"Malam, mi za ka yi da wanga?"

"Iri ne."

Iri! Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Ka ji tsoron Allah, Baban Umaima. Da bakinka ka ce jahilci ne." Ya karɓe ƙullin daga hannuna, idonsa jawur, ya mayar aljihu.

Na zauna gefen Umaima ina yi mata fifita, ina ƙirga numfashinta da kunne. Na yi niyyar ba zan runtsa ba, amma barci ya sace ni.

Abin da ya tashe ni ƙara ce ƙarama. Tas. Can kuma, tas. Babu wata, babu wuta, ko karnukan unguwa sun yi shiru. Na leƙa ta labule.

Malam ne a tsakar gida, ba takalmi, yana tafiya a hankali yana jefa kwaruru ta kan kafaɗa. Yana ta maimaitawa: "Na fanshi ɗiyata. Na fanshi ɗiyata."

Kuma akwai mai binsa.

Ƙarama ce, tana sunkuyawa tana tsinta, tana miƙewa, tana ƙara taku. Ko a cikin duhun nan na gane kitson, don da hannuna na yi shi.

Ban san lokacin da ihu ya fita daga bakina ba. "Baban Umaima!"

Ya waiwayo.

Babu kowa a bayansa. Na haska fitilar waya a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya babu. Na juya cikin ɗaki. Umaima tana nan kan tabarma yadda na bar ta, zanenta bai ko goce ba. Na taɓa goshinta, zafin ya tafi gaba ɗaya. Na kara kunne a ƙirjinta, shiru.

Hannunta na dama a dunƙule yake. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, kwaruru ya zubo kan tabarma.

Malam ya tsaya a bakin ƙofa, sauran ƙullin a hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni.

"Luba," ya ce a hankali, "don mi kika kira ni?"