Mazol 'Yar Wa?

Saura sati uku bikin Mazol, yayana Rahmin ya shigo gidana da wata farar takarda a naɗe a hammatarsa. Shekarar 1962 ce, bayan Idin Bukkoki da kaɗan, inabi ya fara ƙarewa a kasuwar Samarkand.

"Freho, share tebur," ya ce. "Kuma kada ki taɓa min ita da hannun mai."

"Kai ne za ka yi wa wani maganar hannu? Dubi naka."

Rahmin marini ne, kamar ubanmu da kakanmu. Tun ina yarinya ban taɓa ganin hannuwansa da wani launi ba sai shuɗi, ko ranar Asabar da ba a aiki. Da tsumma ya riƙe takardar ya shimfiɗa ta. Mai kauri ce, wani abokinsa mai zanen gine-gine ya samo masa.

A lokacin, yawancin mutanenmu Yahudawan Samarkand a fallen littafin makaranta ake rubuta musu ketuba, wato takardar aure ta addininmu, a ninke a cusa ƙasan akwati, don hukuma ba ta son ganin takardar aure in ba tata ba. Amma Rahmin ya ce 'yarsa ɗaya tilo ba za ta shiga gidan miji da fallen littafi ba. Ni ce mai zana wa matan unguwa furannin da suke bi da allura, saboda haka ni zan yi adon gefe, shi zai haɗa launi, malaminmu Mullo Gavriel kuma ya rubuta tsakiya.

Muna cikin musu kan ko inabi zan zana ko tsuntsaye sai ga Mazol ta dawo daga asibitin da take aikin jinya. Ta leƙo ta kafaɗar ubanta.

"Ba na son tsuntsaye, Gwaggo. Kowa tsuntsaye. Ki zana min bishiyar rumman ta tsakar gidanmu, har da karyayyen reshen nan."

Na ce, "To shi angon fa? Me za mu sa masa?"

"Almakashi," in ji Rahmin. "Da reza. Kada ya manta inda muka tsinto shi."

"Baba! Mashiah ne fa ke maka aski kyauta."

"Shi ya sa kunnena ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Kwana shida na yi a kan adon. Rahmin yana zuwa kullum da ƙananan kwalabe, ja daga saiwa, rawaya daga ɓawon rumman, da shuɗinsa. Ranar Lahadi muka kai wa Mullo Gavriel, ni da shi.

Mullo ya daɗe yana duban aikin, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun zamanin kakarsa. Ya zuba mana shayi, ya ɗauko guntuwar takarda don ya fara gwada sunaye. Ya rubuta rana da wata da sunan gari. Ya rubuta Mashiah ɗan Yuno. Sai ya ajiye alƙalami.

"Rahmin, wane suna zan sa bayan na amarya?"

"Wane irin tambaya ce wannan? Mazol 'yar Rahmin."

"Ni na binne mutumin nan," in ji Mullo a hankali. "Da hannuna na zuba masa ƙasa. Sunansa Hersh."

Shekara ashirin ke nan ban ji an ambaci sunan ba. A lokacin sanyin 1942 ne, sa'ad da jiragen ƙasa ke sauke Yahudawan Folan da suka gudo wa yaƙi, suna kwana a tasha da bakin shagunan shayi, zazzaɓi na kwasarsu kullum. Rahmin ya tarar da wani dogon mutum a zaune cikin dusar ƙanƙara a bakin marina, da jaririya cikin rigarsa. Uwar jaririyar ta mutu a hanya, haka ya nuna mana da hannu. Rahmin ya kawo shi gida, shi da matarsa Burho suka yi jinyarsa kwana tara. Ba sa jin harshensa, ba ya jin namu. Sunansa kawai ya iya faɗa, sai wani gari da muka kasa maimaitawa, sai Mullo ne ya rubuta shi. Da ya cika, Burho, wadda ta shekara goma ba haihuwa, ta ɗaure yarinyar a ƙirjinta, ta raɗa mata Mazol. A ofishin hukuma aka rubuta ta 'yar Rahmin. Manyan unguwa duk sun sani, ba wanda ya taɓa faɗa. Da yara suka fara tsokanarta kan jan gashinta, Burho ta ce na kakarta ta gado. Burho ta rasu Mazol tana da shekara goma sha huɗu, ba ta gaya mata ba.

"Mullo, ni na tauna mata abinci," in ji Rahmin. "Ni na goya ta zuwa asibiti da ƙyanda ta kama ta. Shi kwana tara kawai na san shi."

"Ban musa ko ɗaya ba. Amma shaidu biyu za su sa hannu a ƙasan nan, su ce duk abin da ke sama gaskiya ne. Ita kuma wannan takarda ce kariyarta har ta mutu. In akwai ƙarya a sunan, gobe wani zai iya cewa ba tata ba ce."

"Wa zai ce?"

"Ban sani ba. Kuma akwai mamacin, Rahmin. Ba shi da dutse a kabarinsa, ba shi da mai yi masa addu'a. Wannan layin kaɗai ya rage masa a duniya."

"Ni kuma me ya rage min?"

Mullo ya ɗauki alƙalamin da ya ajiye. Can ya ce akwai yadda malamai suka yarda a rubuta: Mazol 'yar Hersh, wadda Rahmin ya rena. Sunansa zai shiga, amma a bayan na wancan.

Rahmin ya naɗe takardarsa, bai shanye shayin ba. A hanya ya ce zai hau jirgi ya kai ta Bukhara, can akwai malamin da bai san komai ba.

"Ka kai," na ce. "Amma Mullo Gavriel ne zai karanta ta a ƙarƙashin rumfar ɗaurin aure, a gaban tsofaffin da suka ga ranar da ka shigo da yarinyar. Harshen ketuba ba mai ganewa, Yaya, amma suna kowa na ji."

"Ke ma kina bayansa."

"Ina bayan yarinyar. Gara ta ji daga bakinka."

Kwana huɗu bai yi min magana ba. Ranar Juma'a da rana ya aiko in zo. Na tarar da Mazol a tsakar gida tana yanka ganye don shinkafar Asabar. Ya zauna a kan dakali, ya ce ta ajiye wuƙar. Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa, tun daga bakin marina har kwana na tara.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ni, ta dubi shi.

"Gwaggo, kin sani?"

"Na sani."

"Iyayen Mashiah fa?"

"Sun sani, 'yata."

"Matar da ke sayar da burodi? Tsohuwar da ke ce min Ja-gashi tana dariya?"

Ta ture ganyen gefe.

"Ashe ni kaɗai ce baƙuwa a unguwar nan, kuma ni kaɗai ce ban sani ba." Ta goge hannunta a jikin riga. "Yaya sunana na farko?"

"Bai iya faɗa ba," in ji Rahmin. "Ko ya faɗa ba mu gane ba."

A nan ne ta fashe. Ya miƙa hannu zai dafa ta, ta ja da baya kaɗan. Ba da yawa ba, amma na gani, shi ma ya gani. Ta shige ɗaki. Shinkafar ranar ni na ƙarasa ta.

Ranar Lahadi da kanta ta ɗauki takardar ta kai wa Mullo. Ta ce ya rubuta sunayen biyu yadda ya faɗa. Ta kuma nemi sunan garin da ya ajiye, ya ba ta.

An yi biki a tsakar gidan su Mashiah, ƙofa a rufe, maza huɗu na riƙe da mayafin rumfa. Mullo ya ware ketubar, mata suka yi ta leƙe suna yaba rumman. Ya karanta da sauri kamar yadda aka saba, amma da ya zo kan sunan Hersh gidan ya yi tsit, har ana jin tafasar tukunya. Rahmin yana tsaye kusa da Mazol, ya ɗaure hannuwansa a baya. Da aka gama ya yi rawa fiye da kowa. Da muka fito ya ce min ƙafarsa ce ke ciwo, ya zauna a bakin wani gida ya rufe fuska.

Mazol ba ta daina ce masa Baba ba. Duk Juma'a tana kai masa abinci, ta wanke masa kaya, ta kawo masa jikokinsa uku. Sai dai tsokanar nan tasu ba ta dawo ba. Gaishe shi take yi da ladabi, kamar surukin da ake jin nauyi. Kuma ta fara rubuta wasiƙu zuwa ofisoshin da ke neman dangin da yaƙi ya raba. Shekara tara tana rubutawa. A ta goma amsa ta zo: Hersh yana da ƙanwa da ta tsira, tana zaune a birnin Haifa, tana da hotonsa riƙe da jaririya, kuma ta san sunan jaririyar. Perel.

Da aka fara barin mutanenmu su fita daga ƙasar, ita da Mashiah suka nemi izini. Dokar hukuma kuwa ita ce, ba mai fita sai iyayensa sun sa hannu sun yarda. A takardun hukuma uban Mazol ɗaya ne. Ta kawo masa takardar da safe, ina gidan. Ta kasa miƙa masa, sai ta ajiye a gefen tiren shayi.

Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa.

"Nan sun rubuta uba," ya ce. "Sunana ne a gaba, Freho. Ba kowa kafin ni."

"Baba, in ka ce kada in tafi, ba zan tafi ba."

"Ƙarya kike, kuma ba ki iya ta ba. Ba ni alƙalami."

"Ka biyo mu. Zan aiko maka da gayyata."

"Wa zai riƙa share kabarin Burho? Da na wancan bawan Allahn?" Ya sa hannu, ya hura wa tawadar iska. "Ki gaya wa matar nan ɗan'uwanta bai mutu a titi ba. A kan shimfiɗata ya mutu, da bargo biyu."

Ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwarsa, ya bar ta ta yi kukanta har shayin ya huce.

Sun tafi a bazarar 1973. Wasiƙunta na ɗaukar wata biyu kafin su iso, ni ke karanta masa don idonsa ya yi rauni. Ya rasu a sanyi na biyu bayan tafiyarsu. Ba a ba ta izinin zuwa jana'iza ba, kuma da ƙyar muka haɗa maza goman da ake bukata don addu'a, don rabin unguwar ta riga ta tashi.