Tushen Tara

"Wane ne wannan ya zauna min a bakin gado da takalmi?" in ji Malama.

Ɗanta direba ya zabura ya cire takalman, ya tsaya riƙe da su kamar wanda aka kama da kayan sata. Mai ɗinki, maƙwabciyar da ke kawo wa Malama ruwan zafi kullum da safe, ta ga yadda jikinsa ya yi sanyi. Daga uwa duniya ya baro babbar motarsa da aka ce jikin mahaifiyarsa ya tsananta, ga shi ya iso ba ta shaida shi ba.

"Malama, autanki ne fa," in ji mai ɗinki.

"Autana yana makaranta," in ji tsohuwar, ta juya fuska bango.

A tsakar gida ya durƙusa kusa da famfo, ƙato da shi. "Yaya, shi ke nan? Haka za ta tafi ba ta san na zo ba?"

Mai ɗinki ta tuna da wani abu. Malama ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da lissafi. Tsufa ya kwashe mata sunaye da fuskoki, amma bai taɓa lambobi ba. A aji gida biyu take raba su: wadda za a iya rubuta ta kaza bisa kaza, mai kan gado ce, wadda ba ta rubutuwa haka, sai tafiya ba ƙarshe ba maimaici, marar kan gado. In mai ɗinki na so ta sha magani ba rigima, da wannan take jawo hankalinta.

Ta gaya masa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ni da lissafi? Ai shi ya kore ni na kama sitiyari."

"To yau ka dawo aji. Tashi."

Suka koma ɗaki. Mai ɗinki ta gyara mata matashi. "Malama, ɗaya bisa uku?"

"Mai kan gado. Uku, uku, uku take ta yi, kin san abin da ke gaba."

"Tushen biyu fa?"

"Lambar da za ki ninka da kanta ta ba ki biyu?" Muryar ta washe, har da ɗaga yatsa. "Marar kan gado. Ki bi ta har ki tsufa, ba za ta tsaya ba." Sai idonta ya faɗa kan direban. "Kai na baya, mai ɓuya. Tushen tara?"

Ya dubi mai ɗinki, ta ɗauke kai. Ya matso.

"Marar kan gado, Malama."

Hannun nan da ya rame ya cafke kunnensa.

"Uku sau uku nawa? Ba tara ba? Tushen tara uku ce, uku bisa ɗaya! Kai dai Gajere, da ka ji an ce tushe sai hantarka ta kaɗa."

Gajere, sunan da take kiransa da shi tun yana yaro. Ba ta saki kunnen ba. Yatsunta suka hau gefen kansa a hankali.

"Yaushe ka yi furfura?"

"Inna," ya ce.

"Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka."

Mai ɗinki ta sulale waje, tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Bayan ranar, wani lokaci ta gane shi, wani lokaci a'a. Bai ƙara damuwa ba. Shi ke ba ta magani, shi ke yanke mata farce. Ta katanga mai ɗinki kan ji shi yana ba da amsar da ta tabbata ya san ba daidai ba ce, sai faɗa ya biyo baya, sai dariyarsa.

Wani hantsi Malama ta yi barci bayan ta sha shayi, tafin hannunta cikin nasa, ba ta farka ba. Shi ya zo da kansa ya faɗa wa mai ɗinki, ya ce, "Yaya, na gode," sannan ya fashe da kuka.

Da masu gaisuwa suka ragu, mai ɗinki ta zauna kan keken ɗinkinta da safe. Ta saman katanga ta hango shi yana shanya zannuwan gadon da ya wanke, yana ja yana daidaita gefe da gefe. Tagar ɗakin a buɗe take, rana ta shiga har tsakiyar tabarma.