Hannayen Ramlatu a Gaban Bunsuru

Jiya bayan azahar barci ya sace Malama Hansatu a kan tabarma, ta yi wani mafarki. Ita dai Turanci ta koyar har ta yi ritaya, kuma ba ta yarda akwai kalmar Bature da za ta kayar da ita ba. 'Yarta tilo, Ramlatu, kurma ce tun haihuwa, da hannu suke hira.

A mafarkin ta gan su su biyu a wani gari. Titunan garin ne ke tafiya, motoci na tsaye a kansu, direbobi na gyangyaɗi. Ruwan sama kuwa daga ƙasa yake tsirowa ya nufi gajimare, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Malama ba ta yi mamaki ba, ta dai tattare zanenta.

Ramlatu ta ɗaga yatsu ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji." Nan take titin gabas ya tsaya cak. Ta ƙara da cewa, "Ko zoɓo ne." Sai titin yamma ya juya ya koma inda ya fito, da motocinsa da fasinjojinsa.

Wata akuya cikin kakin masu ba da hannu ta sha gabansu. "Hajiya, 'yarki ta ba hanya umarni ba izini. Mu je."

Sai ga su a kotu, cikin wani ƙaton rumbu. Alƙalin bunsuru ne, tabarau rataye a ƙahonsa, yana tuƙa.

"Hannayen 'yarki suna da amfani," in ji shi. "In aikinsu tsayar da hanya ne, to na hukuma ne, za a cire su a dasa a mararraba, a riƙa ba su ruwa safe da yamma. In kuwa magana ce, ta tafi da abinta. Sai dai da Turanci aka rubuta dokar, kuma na cinye shafin. Ke za ki faɗa mana sunan abin."

Malama ta gyara mayafi. "Allah ya gafarta Malam, faɗuwa ta zo daidai da zama."

Aka shigo da kalmomin Turanci uku. Maza ne, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, riga iri ɗaya, hula iri ɗaya. Akuyar ta ce sunayensu Sain, Sigina da Simbol, amma ba ta ce wane ne wane ba.

"Nuna wanda ya dace da hannun 'yarki," in ji alƙali. "Sau ɗaya ake nunawa."

Malama ta miƙe kamar tana gaban aji. Ta ce Sigina umarni yake bayarwa, tsaya ko wuce, kamar fitilar kan hanya. Simbol kuwa wakili ne, tsayawa yake a madadin wani abu, kamar tuta a madadin ƙasa. Shi kuma Sain nuni yake yi, yana sanar da kai wani abu. Awakin da suka cika rumbun suka yi tafi da kofato.

"Madalla," in ji bunsuru. "To, wanne ne?"

Ta dubi fuskokin nan uku, ta sake duba. Ko tabo babu da zai raba su. A bayanta wani rago ya fara wasa almakashi a kan dutse, ta taga kuma ta hango ana haƙa ramuka biyu a mararraba.

Ramlatu ta taɓa kafaɗarta. "Inna, ai ba mu gaishe su ba."

Ta je gaban na farko ta ce da hannu, "Ina wuni?" Mutumin ya koma ja, ya koma kore, ya fita a guje ta jikin bango. Ta gaishe da na biyu. Ya ƙame, ya turo ƙirji, har tantabara ta sauka a hularsa bai motsa ba. Ta matsa gaban na uku. Ya ɗaga hannuwansa a hankali ya ce, "Lafiya lau. Ya gida? Ya jikin Inna?"

Hira ta ɓarke tsakaninsu. Ramlatu ta ba shi labarin wata maƙwabciyarsu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Rago ya ajiye almakashi ya matso yana kallo.

"Wannan ne," in ji Malama, ta nuna shi. "Sain. Abin da kuke gani harshe ne cikakke, har da habaici da gatse a cikinsa. Shekaranjiya ma da shi ta yi mini tsiwa."

"An sallami hannayen," in ji alƙali. Sannan ya dubi ƙafafunsa na gaba, ya rage murya. "Hajiya, tambaye ta, ana iya koyo da kofato?"

Ramlatu ta ce a gwada. Ta tsaya a tsakiyar rumbun, awaki suka yi layi a gabanta, alƙali a sahun farko, tana gyara masa yadda ake cewa sannu. Malama Hansatu kuwa, wadda alkunya ba ta taɓa barinta ta yabi 'yar fari a gaban jama'a ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "'Yata ce. Ni na haife ta." Ta faɗa wa rago, ta faɗa wa tantabara, ta leƙa taga ta faɗa wa titin yamma.

Tana shirin faɗa wa gajimare sai ta ji ƙwarararam. Ta buɗe ido. Murfin tukunya ne ya faɗo a bakin murhu yana ta juyi a kan siminti. Ramlatu ba ta ji ba, ta ba ta baya tana burga miya. Malama ba ta tashi ba. Ta gyara kwanciya, ta tallafe kumatu, tana kallon hannayen nan suna aiki.