Rasit Ɗin da Alhaji Ashafa Ya Ƙi Karɓa

Mutumin da ya shekara uku yana ba da cin hanci a zuciyarsa, ashe haraji yake biya, zunubi za a rubuta masa ko lada? Na tambayi malamai biyu a Kurfi, kowannensu ya ce in dawo wani lokaci.

Maƙwabcina ne, Alhaji Ashafa, mai sayar da hatsi. Shi ke kai wa wata makarantar kwana a Dutsin-Ma masara da wake. Duk ranar biya sai ya ga kuɗinsa sun ɗan ragu, akantan makarantar, Malam Mutawakkil, kuma ya miƙo masa takarda.

"Alhaji, ga rasit ɗin abin da aka cire."

Alhaji yakan tura shi baya da ɗan yatsa, ya kashe ido. "Haba Malam, tsakaninmu har da rubutu? Ci lafiya."

Akanta ya yi ta bayani, Alhaji ya yi ta jinjina wayonsa. A majalisa yakan ce, "Akantan nan a aljihuna yake. Ga gemu, ga arha." Kowace Juma'a kuma yana sadakar ƙosai don kankare laifin.

Bana makarantar ta ce ba kwangila sai da shaidar biyan haraji. Na raka shi ofishin haraji na cika masa fom. Ma'aikaciyar, Hajiya Jannat, ta faɗi abin da zai biya. Alhaji ya cire hula yana fifita.

"Ba a cire maka komai a wurin biya?" in ji ta.

"Ana cirewa," ya yi ƙasa da murya, "amma wannan tsakanina ne da akanta."

"Tsakaninka da gwamnati dai. Harajinka ne aka fara karɓa. Kawo rasit mu ɗebe maka. In babu, ka biya duka."

Da motarmu ta kusa Kurfi sai ya juyo wurina.

"Wato bai ci ko sisi ba?"

"Bai ci ba."

"Munafuki! Ina ba shi don mutunci, yana tura wa gwamnati a bayan idona? To ƙosaina fa?"

Ya ce gara ya biya sau biyu da ya je ya tsaya gaban mutumin. Kwana tara yana kan bakansa, har ya ji Ummaru na Kuki, abokin takararsa, ya kai nasa fom ɗin.

Muka nufi makarantar. Akanta ya amsa sallama bai ɗaga kai ba.

"Alhaji, yau an fito da ni daga aljihu in sha iska?"

Ya buɗe durowa ya ɗauko ambulan. Rasit ɗin shekara uku ne a jere, ko ɗaya bai ɓace ba. Ya turo shi da ɗan yatsa.

Alhaji ya miƙa hannu biyu ya karɓa.