Matar da Na Ɗauko a Kwanar Gada

Shekara goma sha ɗaya ina jigilar ƙwai a hanyar nan, kuma babu direban da ya kai ni yi wa labarin matar gada dariya. Wai mace ce cikin fararen kaya, tana tsayawa a kwanar tsohuwar gada tana ɗaga hannu. In ka ɗauke ta, kafin ka isa ta ɓace, kuma duk gidan da ka tsaya da ita sai an fitar da gawa. Nakan ce musu barci ne da yunwa ke damunsu.

Ranar da matata ta bugo waya ta ce naƙudar 'yarmu ta yi tsanani, da rana tsaka na iso kwanar, sai ga mace cikin fararen kaya tana ɗaga min hannu. Duk cika-bakina ya bi iska. Na taka mota, ƙwai na fashewa a baya, ko waiwaye ban yi ba.

Ina tsayawa a ƙofar gida matata ta fito ta leƙa cikin mota.

"Baban yarinya, ina ungozomar? Babur ɗinta ya mutu a gada, ta ce za ta tsayar da kai."

Kunya da haushin kaina suka rufe ni. Ina jin nishin 'yata daga ɗaki na juya kan mota, tafiyar rabin awa.

Matar tana nan a kwanar, inda na bar ta. Na buɗe mata ƙofa ina ba ta haƙuri, na ce tsoron banza ne irin na direbobi. Ta shiga, ta ja bel ta ɗaura, ta ɗora hannuwa a cinya. Ban ga laifinta ba da ta ƙi tanka min. Da ni aka yi wa haka, da zagi zan fara. Na lura ba jaka a hannunta, ba babur a gefen hanya, amma hankalina yana gida. Sau ɗaya ta yi magana, ta tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce ɗaya tal, ita ce ke kan gwiwa.

Na tsaya a ƙofar gida, na zagayo da gudu na buɗe mata. Babu kowa. Bel ɗin yana nan ɗaure yadda ta ɗaura shi.

Sai ga wata mata mai ƙiba ta fito daga gidana, cikin fararen kaya, tana goge hannu da tawul. Ta ce ita ce ungozomar. Tun kafin in iso gada mai tarakta ya ɗauke ta, ya biyo da ita ta cikin gonaki. Ta dube ni, ta dubi ƙofar motar da nake riƙe da ita.

"Malam, wa ka ɗauko?"

Na saki ƙofar motar. Daga ɗaki ina jin kukan jariri, lafiyayye, mai ƙarfi. Na kasa kunne ina neman muryar 'yata. Ta uwarta na ji, tana kiran sunanta, tana sake kira.