Karaz ɗin Hajiya Ɗaso

Aikina a Harami tura keke ne. Tsohon da ƙafa ta gaza sai ya zauna, ni kuma in zagaya da shi Ka'aba, in kai shi Safa da Marwa. Na tura mutanen ƙasashe da yawa, amma kakata Hajiya Ɗaso ta ce ita kam a'a. Da ƙafa iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Maraɗi tana yarinya, da ƙafa kuma take son yin ɗawafi ko da sau ɗaya ne ya rage mata.

Bayan babbar Sallah nama ya cika gidajen unguwar Hindawiyya, sai babban yatsan ƙafarta ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi. Ko zani ya taɓa shi sai ta runtse ido. Likitan unguwarmu ya ce ciwon gaɓɓai ne irin wanda yawan nama ke tayarwa. Ya ba ta ƙwayoyi, ya hana ta hanta da kayan ciki, ya ce ta yawaita shan ruwa. Ya ƙara da cewa tun da lokacin karaz ne, ta riƙa cin cikin tafin hannu kullum. Ba zai maye gurbin ƙwaya ba, amma yana taimakawa wajen kumburi, wasu ma yana sa su barci mai daɗi.

Na samo mata a kasuwar kayan marmari. 'Ya'yan itace ne ƙanana, jajaye har sun doshi baƙi, kowanne da ɗan siririn wutsiya. Ta ɗaga ɗaya wajen hasken taga, ta daɗe tana juya shi.

"Marwan, angona, wannan ai ɗinya ce ta yi wanka ta sa kaya."

"To ci, amarya, kada ta gudu."

Ta tauna a hankali. Sai idonta ya tafi wani wuri da ba ɗakinmu ba. Ta ce akwai wata bishiyar ɗinya a bayan garinsu, suna zama ƙarƙashinta da yayarta, bakinsu ya yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa gero kamar ruwa. Tana cikin faɗa barci ya ɗauke ta, ƙwallon yana hannunta. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnaninta, ni kuma na zauna ina ganin gonar geron da ban taɓa gani ba.

Kullum na dawo aiki sai in tarar da kwanon fayau, in ji daɗi. Amma ƙafar ba ta sauka ba.

Wata rana na dawo da wuri, bayan azahar. A matakala na taka ƙwallon karaz, na ga wani, na ga wani. Lujain 'yar maƙwabta ta wuce ni da gudu, leɓenta jawur. A ɗaki mata ne zaune sun zo dubiya, Inna Nasiha aminiyar Kaka tana gaba. Kaka tana bin su da kwano, kowa ɗaya ɗaya, kamar rabon goro. A gabanta kuwa ga kula buɗe, farfesun kayan ciki yana tururi, ta ci rabi.

Da suka tafi na zauna kusa da ƙafarta.

"Kaka, karaz ɗin nan fa naki ne. Don ciwon aka kawo."

"Mai ɗaci shi ne magani, shi ake sha a ɓoye. Wannan mai zaƙi in ci baƙi suna kallon bakina? Ba a haife ni haka ba."

"Farfesun fa? Likita ya hana."

"Nasiha ta tsaya a kan wuta don ni. In mayar mata da kula cike? Kai dai kishi kake, ba a zuba maka ba."

Ban ja da ita ba, don na san ba za ta canza ba. Abin hannunta na baƙi ne, abin da baƙo ya kawo kuma dole ta ci a gabansa. Na jima ina juya wannan a raina, sannan na sauka wurin Inna Nasiha, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta dafe haɓa.

"Ashe mu muke ƙara mata. Halas, shi ke nan, ɗana, bar mini sauran."

Washegari Inna Nasiha ta shigo da kula kamar kullum. Kaka ta buɗe, sai ga karaz a wanke, da sanyinsa. Ta miƙa wa Inna Nasiha ta ɗauka.

"Haba Ɗaso, dubiyata za ki mayar mini? Ci ina gani."

Kaka ta harare ni ta gefen ido, ta ci. Haka matan suka riƙa yi bi da bi, farfesu ya ɗauke. Ga ƙwayoyi, ga ruwa, ga karaz. Da rana takan yi barci mai nauyi, ta tashi tana ba ni labarin yayarta kamar yanzu suka rabu. Kumburin ya riƙa ja da baya kaɗan kaɗan, har takalminta ya shiga.

Da alhazai suka ragu, wata safiya muka tafi Harami. Na ajiye kekena a bayan wani ginshiƙi ban faɗa mata ba. Ta taka farin dutsen nan mai sanyi, ta tsaya tana motsa yatsunta a kai. Sannan ta dafa kafaɗata muka shiga cikin masu zagaye. Tafiyarta ta yi sanyi ƙwarai, mutane suna wuce mu kamar ruwa yana wuce dutse, tantabaru suna shawagi can sama. Wani wurin ta tsaya ta huta, na ji nauyinta ya ƙaru a kafaɗata, na ce a raina shi ke nan. Sai ta ja numfashi ta ci gaba, leɓenta yana motsi, har muka cika bakwai.

Ta zauna, na kawo mata Zamzam ta sha, ta shafa sauran a ƙafar.

"Angona," ta ce, "je ka ɗauko keken da ka ɓoye, ka nemi wata tsohuwa ka ɗora. Ni zan ɗan zauna nan."