Lambar da Baba Ojelabi Ya Riƙe

Ƙarar ta zo kamar an jefo buhun doya daga saman mota, sai ihun mata ya biyo baya. Akanji ya fito daga shagonsa a guje, bai ma san burushin fenti na hannunsa ba. A bakin kwata, daidai inda titin Oke-Bola ke gangarawa kasuwa, Baba Ojelabi ne kwance a gicciye, hularsa can gefe, ƙosan da ya sayo ya watse a kan kwalta. Ƙaramar tasin da ta kaɗe shi ta riga ta sha kwana.

"Ya kashe shi! Ya kashe Baba!" in ji Iya Sikira mai ƙosai, hannu biyu a ka. "Hannun da ba nasa ba ya biyo! A kan idona!"

Akanji ya durƙusa. Idon tsohon a buɗe yake, jini na bin kunnensa a hankali, amma bakinsa na motsi.

"Akanji, kai ne?"

"Ni ne, Baba. Kada ka motsa."

"Rubuta. Kada ta ɓace mini." Ya faɗi haruffa uku na farko, ya ja numfashi. "Takwas, ɗaya, takwas. Jan rubutu ne, ta haya ce."

Duk wanda ke wurin ya yarda da lambar nan kamar an buga ta a takarda. Shekara talatin da biyu Baba Ojelabi ya yi yana raba wasiƙu a Ibadan, kuma har bayan ya yi ritaya, in ka faɗa masa sunan mutum zai gaya maka lambar gidansa da ta akwatinsa a gidan waya. Shekara goma sha shida ke nan bango ɗaya ya raba gidansa da shagon Akanji. Kullum da safe sai ya tsaya ya karanta allon da ake rubutawa, in ya ga harafi ya karkace ya ce, "Mai fenti, wannan harafin giya ya sha?"

Babu takarda kusa, sai Akanji ya juya ga katangar gidan da ke bayansa ya shiga rubutawa da burushin. Ya yi haruffan, ya yi takwas ta farko, ya yi ɗaya. Yana zagaya takwas ta biyu hannunsa ya tsaya cak. Ya san lambar nan, domin shi ya yi ta.

Mako uku da suka wuce Fatai, wani direban tasi da ake kira Iska saboda gudunsa, ya shigo shagon da faranti biyu na lambar mota a naɗe cikin tsumma.

"Buroda Akanji, rufe mini bakin ukun nan biyu," ya ce yana dariya. "Na tsere wa masu kama mota a Mokola, sun rubuta lambata. Gobe in sun ga takwas sai su gaishe ni."

Aikin minti biyar ne. Ɗan jan fenti a nan, ɗan jan fenti a can, uku ta koma takwas. Akanji ya yi wa direbobi da yawa irinsa, ya ci amala da kuɗin, bai taɓa jin ko gezau ba. Kowa na yi, kuma masu shingen hanya ba lamba suke kallo ba, hannun direba suke kallo.

"Kai, me ka tsaya yi? Kama ƙafarsa!" Iya Sikira ta daka masa tsawa. Suka ɗauki Baba suka sa a keke mai ƙafa uku. Har suka kai asibiti kan tsohon na bisa cinyar Akanji.

Morenike, 'yar Baba ɗaya tilo, ta iso daga shagon ɗinkinta da tef ɗin awo a wuya. Da likita ya ce jini ya taru a kai, sai an jira a gani, ta share hawaye ta juyo.

"Buroda Akanji, kai ka rubuta lambar. Taso mu je caji ofis."

Sajan ɗin da suka tarar yana cin gasasshiyar masara. Ya rubuta lambar, ya buga waya, ya jira, ya sake bugawa. Can ya ajiye wayar.

"Wannan lambar ta motar burodi ce a Saki. Farar bas. Tsoho ne, ido ya gaza."

"Idon ubana bai gaza ba," Morenike ta ce. "Bai taɓa kuskuren lamba ba a rayuwarsa."

"To, Anti, leƙa titi ki gani." Ya nuna taga da totuwar masarar. "Waccan ba lamba sam. Waccan an rufe ta da baƙar leda, mai ita babban mutum ne, wa zai tare shi? Waccan an kankare rabi. Mu nawa ne a nan? Ki je ki kula da mahaifinki, in mun ji wani abu za mu neme ki."

Akanji na tsaye a bayanta. Kalma uku kawai ake bukata daga gare shi: uku, ɗaya, uku. Ya buɗe baki, ya dubi ƙofar ƙarfen ɗakin tsare masu laifi da ke bayan sajan, ya rufe.

Washegari bayan azahar Baba ya farfaɗo. Morenike ta fita sayen magani, Akanji kaɗai ke zaune gefen gadon. Fuskar tsohon ta kumbura har ido ɗaya ya rufe.

"Mai fenti," ya ce can ƙasa-ƙasa. "An kama shi?"

"Ana nema, Baba."

"Na ba da lambar daidai?"

Akanji ya kama ƙarfen gadon. "Daidai ka bayar, Baba. Abin da ka gani shi ka faɗa."

"Yauwa." Tsohon ya lumshe ido. "Na ji tsoron ko kan ya fara ruɓewa."

Bai sake magana ba. Kafin la'asar ma'aikaciyar jinya ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Morenike ta dawo da ledar magani a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ledar ta sulale ƙasa.

A gaban gidansa aka binne shi, kusa da baranda, inda ya ce a sa shi tun yana da rai. Unguwa ta cika maƙil. Mutane na ta maimaita magana ɗaya: mutumin da ya fita sayen ƙosai da ƙafarsa! Akanji ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa, amma abinci ya ƙi shiga bakinsa. Matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce eh.

Ran kwana uku, bayan an yi addu'a baƙi sun ragu, ya shiga tsakar gidan. Morenike na zaune a tabarma tare da gwaggonta. Akanji, mutum mai 'ya'ya huɗu, wanda ya girme ta da shekara goma, ya kwanta rub-da-ciki a gabanta kamar yadda ake yi wa manya.

"Buroda, mene ne haka? Tashi!"

"Ba zan tashi ba sai kin ji. Baba bai yi kuskure ba. Lambar gaskiya uku, ɗaya, uku ce. Motar Fatai Iska ce. Ni na mayar da ukun takwas, da hannuna, a shagon nan da ke jikin bangonku."

Gwaggon ta saki salati. Morenike ba ta yi kuka ba. Ta zuba masa ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Kana bayana a caji ofis," ta ce a hankali. "Mutumin nan ya ce idon ubana ya gaza, kana tsaye a bayana."

"Ina tsaye."

"Shi Baba, ka gaya masa?"

"Ban iya ba."

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta. "Ɗauko hularka."

Sajan ya saurare shi baki buɗe, ya sa aka rufe shi, aka sake shi bayan kwana biyu da dattawan unguwa suka tsaya masa. Amma kwana huɗun da suka wuce sun ishi Fatai. Da aka je ɗakinsa a Molete, ko tabarma ba a tarar ba. 'Yan tasha suka ce ba su san wani Iska ba. Bayan mako biyu Iya Sikira ta dawo daga Ojoo tana rantsuwa ta ga motar, da lotsattsen goshinta, wani baƙon direba na ja, gaba da baya ba lamba, ta wuce shingen bincike ko birki ba ta taka ba.

Ran da magini ya shafe kabarin da siminti, yana tafiya wata akuya ta bi ta kai, ta bar sawu huɗu a cikin ɗanyen simintin. Akanji na ƙofar shagonsa, wanda bai buɗe ba tun ranar hatsarin, ya ga Morenike ta fito da guntun katako ta durƙusa tana ƙoƙarin sharewa. Simintin ya fara kamawa, katakon na tirjewa. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya kawo, ya tsaya nesa kaɗan.

Ba ta ɗago ba. Can ta miƙa hannu, ta tsoma katakon a cikin bokitin, ta ci gaba da shafawa.